Auki da Ƙarko: Cinikin Faifan Wasa Tsakanina da 'Ya'yana

Shekara 29 ke nan ina sayar da shinkafa a Kwatano. In da za a tashe ni daga barci a ce wace tambaya na fi ji a bakin masu saye, ba sai na yi tunani ba: "Alhaji, tana da auki?" Mace mai 'ya'ya bakwai ba ta fara tambayar ƙamshi ko daɗi, so take ta ji ko tiya ɗaya za ta cika tukunya. Maƙwabcina mai atamfa kuma tasa tambayar daban ce: "Tana da ƙarko?" Wato wanki nawa za ta sha kafin ta koɗe. Da waɗannan kalmomi biyu na auna kusan duk abin da na taɓa saya, tun daga takalmi har mota. Shi ya sa da yarana suka shigo mini da maganar faifan wasan bidiyo, ban ga dalilin neman wani ma'auni ba.

A farkon 2024 na saya musu PlayStation 4 ta hannu. Ni abin bai dame ni ba. Akwai dai gidan gem a bayan layinmu nan Zongo, ɗaki ɗaya mai talabijin huɗu, kuma ba na son irin samarin da ke wuni a ciki, ga hayaƙin taba ga ashar. Na ce gara su yi a gabana. Na'urar ta zo da manet biyu, abin nan da ake riƙewa ana dannawa, da faifan ƙwallo guda ɗaya, EA Sports FC 24. Yaran maza biyu ne, babban yana da shekara 15 a lokacin, ƙaramin 12. Muka yi wata takwas lafiya lau, in ban da ihun "gol" da ke hana mahaifiyarsu jin rediyo.

Ƙarshen watan Satumba, ran nan bayan la'asar, sai ga babban a shago. Ya gaishe ni, ya hau jera buhuna ba wanda ya sa shi, har da shara. Na ce a raina, da walakin, goro a miya. Na ƙyale shi ya gama tukuna, don aikin na buƙatar yi.

"Baba, sabon faifan ƙwallo ya fito."

"Madalla. Wanda ke gida ya fashe ne?"

"A'a, lafiyarsa lau. Amma ya tsufa."

"Nawa ne sabon?"

Ya ɗan sosa ƙeya, ya ce jaka 50. Ban yi mamaki sosai ba da na yi lissafi. A Turai Yuro 70 ake sayar da irinsa, sefarmu kuma a ɗaure take da Yuro, kowane ɗaya sefa 656 ba kaɗan. Ka ga jaka 46 ke nan tun kafin a ɗora kuɗin jigila da ribar mai shago. Kuɗin da ya fi ƙarfin buhun shinkafa mai kilo 50, har a ba ka canji mai kauri.

Ashe yaro ya zo da shirinsa. Ya zaro takarda daga aljihu, ɗan ɗan kasuwa. Ya ce a gidan gem wasa ɗaya sefa 100 ne. Jaka 50 wasa 500 ke nan. Shi da ƙanensa ba sa kasa wasa uku a rana, don haka kafin wata shida faifan ya mayar da kuɗinsa, abin da ya biyo baya duk riba ce. Ya kalle ni ya ce, "Baba, ai kai ka ce abu mai ƙarko ba ya tsada."

Wallahi na ji daɗi a raina, ko da yake ban nuna ba. Na ce masa lissafinsa ba kuskure, sai dai duk wannan ƙarkon da yake yabo yana nan cikin faifan da ke gida. Me sabon ya zo da shi wanda tsohon ba shi da shi? Ya ce Mbappé ya koma Real Madrid, amma a namu har yanzu yana sanye da rigar PSG. Na ce, "Kai, tsaya. Ita Real Madrid ɗin ko sisi ba ta ba PSG ba, kwantiraginsa ne ya ƙare ta ɗauke shi. Ni ne zan biya jaka 50 don ya sake riga?" Da dare da aka sake tayar da zancen a gida, ƙaramin ya ce ai akwai wurin da ake shiga a cikin wasan a ɗauke ɗan wasa daga wata ƙungiya a kai shi wata da hannu, shi ma ya iya. Irin kallon da wansa ya yi masa, sai ka ce ya tona asirin gidan sarki.

Don kada in yi musu rashin adalci, ba riga kaɗai ake sakewa ba. Yaran sun ce akan gyara yadda 'yan wasa ke gudu da karɓar ƙwallo, a ƙara wasu sababbin fannoni, kuma wanda ke bugawa kullum yana ganin bambancin. Ni dai idona bai kai nan ba. Abin da na sani shi ne tun 1993 kamfanin EA ke fitar da wannan wasa, da sunan FIFA har zuwa 2023 da suka raba gari da hukumar ƙwallon aka sake masa suna, kuma kowace shekara sai sabo ya fito. Da zarar ya fito, na bara ya faɗi warwas a kasuwa. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake yi da hajar da farashinta ke karyewa a rana sananniya: jira ake yi.

To, na ci wannan zagayen. Sai dai ban san na miƙa wa yaro igiyar da zai ɗaure ni da ita ba.

Bayan mako biyu ya dawo da wayar mahaifiyarsa a hannu. Ya nuna mini wani shafin intanet, HowLongToBeat, inda masu wasa ke rubuta awa nawa kowane wasa ya ɗauke su kafin su ga ƙarshensa. Ya ce ga wani wasan takubba da dawaki, mai ƙatuwar ƙasa da ake yawo a cikinta, wanda in mutum zai bi komai da komai sai ya haura awa 100. Na hannu ne, jaka 15. "Baba, sefa 150 ke nan kowace awa. Ko gidan gem bai kai shi araha ba." Na juya lissafin ta kowace fuska ban ga ɓaraka ba. Ga auki iya auki. Na ƙirga kuɗi na ba shi, har ina yaba wa kaina cewa na koya wa ɗana sayayya.

Ba zan kama sunan wasan ba, don ba shi kaɗai ba ne, irinsa suna da yawa. Abin da na fara lura da shi shi ne ihun ya ɗauke. Wasan na mutum ɗaya ne, don haka ƙaramin ya koma ɗan kallo, daga baya ma ya gaji ya koma bin gidan gem ɗin da na sayi na'urar don in raba su da shi. Babban kuwa ya zama kamar ma'aikacin dare. Wata rana na farka wajen ƙarfe ɗaya na ga haske a falo. Maimakon in yi faɗa, sai na zauna a bayansa ina kallo. Taswira ce cike da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ya hau doki ya yi tafiyar minti biyar, ya tarar da sansanin 'yan fashi, ya karkashe su, ya buɗe akwati. Wani ya aike shi ya tsinko ganye goma. Ya kawo, aka ba shi takalmi. Ya sake hawa doki, ya tarar da wani sansanin da ba shi da maraba da na farko, har inda aka ajiye akwatin. Na dubi fuskarsa, ba fara'a ba ɓacin rai, irin fuskar 'yan dakon da ke sauke mini tirela.

Na ce, "Kana jin daɗinsa kuwa?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Saura kashi 38 in kammala, Baba."

A nan ne na tuna abin da na sani sarai game da hajata amma ban cika faɗa wa masu saye ba. Shinkafa mai auki ruwa take sha. Tiya ɗaya tiya ɗaya ce, abin da ya ƙaru a tukunya daga rijiya ya fito. Akwai wadda ke kumbura ta kuma yi daɗi, wannan ita ce ta kirki. Akwai kuma wadda za ta cika faranti, ka ci ka ji lami, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Wasan nan yana da labari mai kyau a cikinsa, yaron ya ba ni shi daga baya, amma labarin bai fi a gama shi cikin kwanaki kaɗan ba. Sauran duk ruwa ne aka tsuga.

Kuma in an bi ta barawo a bi ta mabi sawu. Masu yin wasannin nan sun san irin tambayar da muke yi. Kusan shekara 15 babban wasa sabo yana kan dalar Amurka 60, a 2020 manyan kamfanoni suka fara ɗaga shi zuwa 70, a 2025 kuma Nintendo ta sa wa Mario Kart World dala 80. Wanda ya zaro irin wannan kuɗi dole ya tambaya awa nawa za a ba shi. Mai haja kuma in ya ga auki kaɗai ake tambaya, to auki zai kawo, ko ta halin ƙaƙa. Na san haka domin ni ma in mata suka dage sai mai kumbura, ita nake oda, mai daɗin ta yi ta zama a sito.

A watan Disamba takardar sakamako ta zo daga makaranta. Yaron da ke samun 13 bisa 20 ya sauko 9 da 'yan kai, ga shi a ajin da za su zana BEPC a ƙarshen shekara. Na ɗauki zafi, na fara neman inda na ajiye bulala. Mahaifiyarsu ta bari sai da yaran suka shiga ɗaki, sannan ta ce, "Alhaji, in tambaye ka mana. Ranar da kuka yi lissafinku kai da ɗanka, awa ɗarin nan a wane gefe ka rubuta ta?"

Na ce a gefen abin da muka samu.

Ta ce, "To daga aljihun wa aka ciro ta?"

Na yi shiru. Ita ce uwar adashin matan layinmu, ba a kayar da ita a lissafi. Awa ɗari a zangon karatu na wata uku ya haura awa guda kowace rana, kuma ba daga sama ta faɗo ba. An yanko ta ne daga barcinsa, da bitar darasi, da karatun allo na bayan magariba, da zaman da yake yi da ƙanensa. Ni na ɗauka na biya jaka 15 an ba mu awa ɗari. Ashe jaka 15 kafin alƙalami ne, cikon kuɗin yaron ne ya yi ta biya da dare. Kuma da hannuna na ƙirga kuɗin, har da yabo. Bulalar dai ban ɗauko ta ba, don ban san wa ya fi cancanta da ita ba tsakanina da shi.

Muka kafa doka: daga Litinin zuwa Juma'a manet na cikin sif ɗin mahaifiyarsu, makulli a haɓar zaninta. Faifan kuma na mayar wa mai shagon ya saya jaka 9. Yaron ya kai kashi 80 da wani abu a lokacin. Ya yi fushin kwana biyu, daga nan bai sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya bai ce yana son ya san yadda labarin ya ƙare ba.

Kafin in wuce, bari in ja kunnen 'yan uwa kan wasannin waya da ake cewa na kyauta, don su ne sarakan auki, ba su da ƙarshe sam. A cikinsu ake sayar da wasu akwatuna da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Ƙaramin nawa ya taɓa kwashe jaka 4 daga asusun wayar mahaifiyarsa a kan irin wannan, ɗari biyar ɗari biyar, bai ma san sun taru haka ba. Tun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ce. Ni ban buƙaci hukuma ta gaya mini ba.

A hutun ƙarshen shekara na ga sun yi ƙoƙarin kiyaye doka, na ce bari in faranta musu. Mai shagon ya miƙo mini wani faifai, ya ce, "Alaji, wannan ka kai musu, za ka gode mini." Jaka 8. Sunansa Brothers: A Tale of Two Sons, wato labarin 'yan uwa biyu maza. Na kai musu bayan azahar na koma kasuwa. Da na dawo da magariba na ce yaya wasa, suka ce sun gama.

"Kun gama me?"

"Wasan. Ya ƙare."

Nan take kaina ya hau lissafi. Jaka 8 a awa uku, kusan sefa 2,700 ke nan kowace awa, ninki 18 na wancan mai dawaki. Na ce lallai yaron nan ya ga Alhaji ya ga banza, gobe da sassafe zan mayar masa da kayansa. Sai dai na lura gidan ya yi wani irin shiru. A wajen cin tuwo ba su yi faɗan nama ba, abin da ban taɓa gani ba. Da na sa faifan a aljihun rigata, babban ya ce, "Baba, don Allah kafin ka mayar, ka buga shi tukuna. Ba wuya. Awa uku ne kawai."

Ran Lahadi na zauna. Wasan ya fito ne a 2013, wanda ya tsara shi kuma Josef Fares ne, haifaffen Lebanon da iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Suwidin yana yaro, ɗan ci-rani dai kamar 'ya'yanmu. Ba a magana da wani harshe da ka sani a ciki, wani yare ne aka ƙirƙira mai kama da Larabci, don haka ni da ban yi boko mai zurfi ba ban rasa komai ba. Labarin kamar tatsuniya yake. Uwa ta rasu a ruwa a gaban ƙaramin ɗanta. Uba ya kwanta ciwo, mai magani ya ce sai an ɗebo ruwan wata bishiya mai nisa. 'Ya'yansa biyu suka kama hanya. Akwai dodanni da wuraren jini a ciki, ba na ƙananan yara ba ne, wannan ma sai da na gani da idona na sani.

Hikimar tana cikin manet ɗin. Mutum ɗaya aka yi wa wasan, hannun hagu na tafiyar da wan, hannun dama na tafiyar da ƙanen, a lokaci guda. Yatsuna sun saba da ƙirga kuɗi da ɗinkin buhu, ba su iya wannan ba, sai yaran cikin talabijin suka yi ta karo da juna. Ƙaramin nawa ya matso ya ce in riƙe ɓangaren hagu shi ya riƙe na dama. Haka muka yi, kafaɗa da kafaɗa, manet ɗaya a tsakaninmu. Ni ne wa, shi ne ƙane. Wan ne mai ƙarfi, shi ke jan ƙarfe mai nauyi, shi ke ɗaga ƙanen ya hau katanga. Ƙanen ne ke kutsawa ta ƙaramar kafa ya buɗe ƙofa. In an zo ruwa kuwa ƙanen ba ya shiga, tsoro yake ji tun abin da ya sami uwarsu, sai ya maƙale a bayan wansa a yi iyo da shi.

Tun daga wurin ruwan nan na fara jin wani abu a ƙirjina, kuma sai na ɗan koma baya kafin a gane dalili. A 1996 Yayana ne ya ɗauko ni daga Maraɗi, ina saurayi ban taɓa wuce Dosso ba. Shi ya biya mota har Gaya, muka taka gadar da ta haɗa Gaya da Malanville da ƙafa, jakata a kansa, ni kuwa na kasa kallon kogin Kwara a ƙasa, don mu gulbinmu sai da damina yake kawo ruwa. Daga Paraku muka hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano. Shi ya koya mini auna tiya, shi ya tsaya mini wajen masu ba da kaya bashi, shi ya nema mini aure. Da ƙarfinsa ya ragu ya koma gida ya bar mini shagon. Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen 2023, lokacin iyaka na rufe, an tare gadar. Na isa Malanville, babu hanya sai kwalekwale. Ni da ban iya iyo ba, na shiga na ƙanƙame katako da hannu biyu, ina salati har muka kai gaci. Ko da na isa Maraɗi an riga an kai shi makwancinsa, addu'ar uku na samu. Ban yi kuka ba a lokacin. Ni ne babba yanzu, ga iyalinsa, ga masu ta'aziyya, ga lissafin gado.

Wanda ke da niyyar buga wasan nan ya yi haƙuri, zan faɗi ƙarshensa. Dab da bishiyar aka ji wa wan mummunan rauni. Ƙanen ya hau ya ɗebo ruwan, kafin ya sauko wan ya cika. Ba a nuna maka binnewar kamar fim ka zauna kana kallo, kai za ka ja gawar zuwa rami, kai za ka tura ƙasa. Ɗana ne ya yi, tun da ɓangarensa ne. Ni kuwa ɓangarena ya mutu, sai na saki manet ɗin na ɗora hannu a gwiwa.

Ƙanen ya kamo hanyar gida shi kaɗai da ruwan magani. Dab da garinsu sai ga ruwa ya tare hanya. Ɗana ya tura shi, yaron ya tsaya a baki ya ƙi shiga. Ya danna nasa maɓallin, ba abin da ya faru. Sai babban, da ke zaune a bayanmu tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ce a hankali, "Baba, danna naka."

Na ce, "Ai nawa ya rasu."

Ya ce, "Danna dai."

Na mayar da hannu na danna maɓallin wan. Manet ɗin ya yi rawa a hannunmu, yaron ya faɗa ruwa ya yi iyo har ya haye.

Na tashi na shiga bayi na buɗe famfo don kada su ji. Na daɗe a ciki. Da na fito ba wanda ya tambaye ni komai, mahaifiyarsu ta miƙo mini shayi. A daren nan na ba yaran labarin gadar Malanville da jirgin Paraku, abin da ban taɓa zama na ba su ba, alhali sun san Yaya, sun sha cin tsarabarsa.

Kada a ɗauka daga ranar na watsar da lissafi. Har gobe ba zan ba da jaka 50 a kan wasan da za a gama a wuni ɗaya ba, komai kyansa, sai dai in jira ya sauko ko in sami na hannu. Mai iyali a ƙasar mutane, ga haya ga kuɗin makaranta ga aike gida, ba ya wasa da irin wannan kuɗi. Kuma na fi son faifai a kan wanda ake saukewa ta intanet, domin faifai kadara ne, ana sayar da shi, ana musaya, ana ba maƙwabci aro. Wanda ka sauke ya maƙale a asusunka, ga kuɗin data da zai ci kafin ya sauka. In yaro ya ce zai buga da abokansa ta intanet kuma, a PlayStation yawancin wasannin saye sai an biya wani kuɗin rajista daban na wata ko na shekara, a sa wannan ma a lissafi tun farko.

Abin da na daina shi ne raba kuɗi da yawan awa in ce na gano araha. Yanzu in suka kawo mini sunan wasa, nakan ce su nuna mini bidiyonsa daga tsakiya, ba farkonsa ba, in ga ko abin da ake yi a awa ta talatin ya bambanta da na awa ta uku. Sannan in tambaya mutum nawa ke bugawa. Na lura duk wasan da ya yi ƙarko a gidanmu, wanda ake zama biyu ne. Faifan ƙwallon nan da aka ce ya tsufa, an buga shi ya fi sau dubu, kuma ba a taɓa yin wasa biyu iri ɗaya ba, saboda wanda ke gefenka mutum ne, yau ya ci ka gobe ka rama. Haka dara take. Rami 30 a ƙasa, 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ko sisi ba a biya, amma tsofaffin ƙofar gidanmu a Maraɗi sun shekara arba'in a kanta ba su ƙoshi ba. Ni ma yanzu nakan karɓi manet ran Lahadi. Ƙaramin yana ba ni Real Madrid ya ɗauki ƙungiyar da ban taɓa jin sunanta ba, ya kuma zura mini biyar.

Babban ya ci BEPC ɗinsa, ba da wani rinjaye mai yawa ba, amma ya ci, alhamdu lillahi. A ƙarshen Satumban 2025 FC 26 ya fito, mako biyu bayan haka muka je ni da shi muka sayi FC 25 na hannu jaka 12. Shi ya yi cinikin, daga 18 ya faro da mai shagon, har ya yi kamar zai tafi aka kira shi. Mbappé dai ya sa farar riga a gidanmu, bayan shekara guda da sa ta a Madrid. Kafin mu fito mai shagon ya tuna mini da faifan 'yan uwan nan biyu, ya ce in mun gama da shi in kawo zai karɓa jaka 3, akwai mai nema. Ba wanda ya sake buga shi a gidan tun ranar, ni ma ba na jin zan iya. Yana cikin durowar shago, ƙarƙashin littafin bashi. Na ce masa zan duba.